Toshin Tsofaffin Tayoyi

"To ita wannan ta cikin jar tayar, ana miya da ita?"

"Inna, fulawa ce fa."

"Na ji fulawa ce. Cewa na yi ana miya da ita?"

Na ce ba a yi. Ta ce ana jiƙa ta a sha saboda shawara? Na ce a'a. Ta ce to awaki suna ci? Na ce in sun samu hanya har saiwar za su cinye, shi ya sa na yafa mata tsohon gidan sauro. Inna ta riƙe haɓa, ta dubi fulawar, ta dube ni, ta sake duban fulawar.

"Wato abin da ba ya miya, ba ya magani, shi kika hana akuya ci, har kika yi masa ɗaki. Khairat, karatun nan naki akwai inda ya taɓa ki."

Ranar Litinin ke nan da safe. Da na san abin da makon zai zo da shi, wallahi da na tsaya na ƙare wa fulawar nan kallo.

Masu karatu, ku gyara zama, don yau asirin kaina zan tona, kuma ba na so kowa ya tausaya min sai ya ji ƙarshe. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Khairat, 'yar Malam Kallamu, ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi ta Bici. Kakanninmu daga Barno suka zo tun kafin a haifi Baba, suka zauna a wani ɗan ƙauye kusa da Bagwai, inda gona ke manne da gona, ko taku ɗaya na ƙasa ba a bari ya huta. A irin wannan wuri, in kika ce kina da lambu a tsakar gida, sai a ɗauka kin raina manoma.

Ni kuwa a waya na gani. Wata baiwar Allah a wata ƙasa ta ɗauki tsohuwar taya ta yanyanka bakinta, ta juya cikinta waje, sai ga ta ta buɗe kamar fure, ta shafe ta da fenti ta shuka abu a ciki. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Washegari ina shara na ji lasifika daga bakin hanya: "Tsohon ƙarfe, tsohuwar roba, mataccen janareto, a fito da su." Na yafa mayafi na leƙa zaure. Wani dogon saurayi ne baƙi a cikin a-kori-kura, hularsa ta koma ƙeya. Na ce malam ko kana da tsohuwar taya? Ya ce shi saye yake yi, yau ne aka fara tare shi da ciniki ta baya. Na nuna masa bidiyon. Ya kalla, ya ce in mayar masa baya, ya sake kalla, ya ce wuƙar matar ba ta da kaifi, shi ya sa take wahala.

Kamaruddeen ke nan. Da la'asar ya dawo da tayoyi huɗu da wuƙa.

Daga ranar, 'yan'uwa, zancena ya bambanta da na kowace budurwa a ƙasar Bagwai. Ƙawayena ana kawo musu turare da atamfa da kaza gasasshiya a leda. Ni an kawo min ƙofar firji. An kawo min ragar gadon ƙarfe, muka jingina ta da katanga wake ya hau. An kawo min jarkokin man gyaɗa, ya tsaga su a kwance muka zuba ƙasa, salak da lansir suka fito. Ya kawo bahon wanka mai huda, ya ce hudar ce darajarsa, don ta nan ruwa zai tsane. Gorunan lemo kuwa ya nuna min yadda ake huda murfinsu da ƙusa mai zafi a kife su a gindin tumatir, su yi ta ɗiga har ki dawo daga makaranta. Ranar da na cika shekara ashirin da biyu ya kawo min tsohuwar butar ƙarfe, ya sa an liƙe gindinta, an yi wa bakinta 'yan ƙananan huduji don ban-ruwa. Na shiga ɗaki na rungume butar nan na yi kuka. Ni da na karance littattafan soyayya har wanda bangonsa ya cire, ban taɓa ganin inda aka yi wa buta kuka ba, amma na yi.

Yakan zo cikin shaddarsa ruwan toka wadda ta sha guga, da turarensa mai sauƙi, sai dai baƙin mai ba ya taɓa barin ƙarƙashin farcensa ko da me ya wanke. Kowace taya ya kawo, sai ya rubuta ranar da ya kawo ta a cikinta da farin fenti. Ba ya iya dogon saƙo. In ya turo, bai wuce "Kin ba su ruwa?" ba. Ni kuma sai in zauna ina fassara kalmomin nan huɗu har su zama wasiƙa.

Inna ta sa wa abin suna toshin bola. Duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ji cewa ita Kaltum ta haifi 'ya, ta yi mata tarbiyya, ta kai ta har kwaleji, ga shi an rasa mai zuwa sai wanda ke zubar mata da shara a tsakar gida yana kiran abin soyayya. Amma in za ta yi miya, a hankali za ki ga ta zagaya ta tsinko attaruhu daga buhun siminti, tana tsinka tana mita. Kakata ta wajen uba, Kaka Fanna, ita ce kaɗai ta tsaya min. Tana kiran Kamaru angonta, har ta ba ni tsohon turminta da ya tsage na shuka mata na'ana'ar shayi a ciki.

Baba kuwa ba ruwansa da taya ko fulawa. Shi a duniya, bayan salla da iyalinsa, jujinsa ne. Bari in yi wa 'yan birni bayani. A bayan ɗakunanmu akwai tudun da Baba ke tarawa shekara guda cur: kashin awaki da na tumaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, ragowar harawa. In bazara ta yi, kafin ruwan shuka, sai a kwashe shi a amalanke a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Gonarmu tun zamanin kakana ake nomanta kowace damina ba hutu, kuma wannan tudun ne ke riƙe da ita. Kullum da safe Baba sai ya zagaya ya damƙi takin, ya murza, ya sansana, kamar mai duba jikin marar lafiya. Ranar da na saci bokiti biyu na zuba wa tumatir, daga masallaci ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce wa ya taɓa masa ɓangaren gabas. Sai da ya ci kwaɗon tumatirin nan sannan ya yanka min kwano ɗaya duk mako, shi ma da kansa yake aunawa.

To ana haka sai ga Khalilu.

Ɗa ne ga wata ƙawar Inna ta ƙuruciya da ta yi aure a birnin Kano. Yana aiki a wani ofis mai hawa da yawa, yana da mota mai sanyin da har sai kin nemi mayafi na biyu. Fari ne, gemunsa a gyare kamar da ma'auni aka yi, agogonsa yana karɓar kira. Saƙonninsa kuwa, Allah sarki. Da asuba sakin layi uku, da azahar huɗu, da hoton fure ja a ƙasa. "Bebi, ke ce sanyin safiyata." Ni dai ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya shige ni. Shekara nawa ina karanta irin waɗannan kalamai a takarda, yau ga su da sunana a sama.

Inna ta fara tafiya kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Baba kuwa ya kira ni ranar Lahadi ya ce shi ba zai zaɓa min ba, amma ya gaji da sallama biyu a ƙofar gidansa, ɗaya da hon ɗaya da lasifika. Ya ce ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci yana so ya ji suna ɗaya, wanda zai ce wa ya turo magabatansa.

Yanzu mun zo wurin da nake jin kunya.

Litinin ɗin nan da muka yi zancen miya da Inna, da la'asar Khalilu ya zo. Na sa leshina mai ruwan zuma da gyalen da ya hau da shi, na yi ɗaurin da ya ci min rabin awa a gaban madubi. Karo na farko ke nan da aka ce ya shigo ciki ya gaida Inna. Ya shigo cikin farin kaftani, takalminsa na ɗaukar ido. Ya gaisa, ya miƙe, sai idonsa ya faɗa kan lambuna. Ya bi tayoyin da kallo, da jarkokin, da bahon, da ƙofar firjin da na jera gwangwanayen iri a kai. Iska kuma ta zaɓi wannan lokacin ta kaɗo daga wajen jujin Baba. Ya zaro hankici ya kai hanci, yana dariya.

"Bebi, a hoton sitatus ɗinki ganye kawai nake gani. Ashe a gidan 'yan gwangwan kike ɗauka?"

Ya kamata in ce masa wannan wata bakwai ne na rayuwata. Ya kamata in nuna masa yadda waken ya cinye ragar gadon. Amma na dubi farin kaftaninsa, na dubi tayar da har yanzu ana ganin inda ƙusa ta fasa ta, sai kawai na ji lambun ya yi min ƙanƙanta a ido. Na yi wata 'yar dariya da ban san ina da ita ba.

"Ai tarkace ne kawai, wasa nake da su. Ni ma na gaji da ganinsu."

Ya ce wa ke kawo min su? Na ce wani mai sayen tsofaffin kaya ne da ke wucewa.

Wani mai wucewa. Mutumin da ya yanke yatsa a kan jar tayar nan ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Kaka Fanna tana zaune a gindin zogale tana tsinke ganye. Ba ta ɗago ba, sai dai ta faɗi wata kalma da Barbarci wadda ban taɓa jin ta faɗa wa mutum ba sai akuya.

Talata da Laraba na kasa amsa "Kin ba su ruwa?" Ina gani, in kife wayar.

Ranar Alhamis Baba ya yi sammako zuwa Gezawa ta'aziyyar wani abokin karatunsa, ni kuma na tafi makaranta. Muna cikin lacca saƙon Khalilu ya shigo: "Yau akwai safrayis. Kar ki tambayi Inna, mun haɗa baki." Ban ƙara jin kalma ɗaya daga bakin malamin ba. Safrayis, wato kyautar ba-zata! Na hango sabuwar waya. Na hango zobe a cikin ɗan akwati. Har na tsara yadda zan rufe baki da hannu, da irin hawayen da za su zubo, ba masu yawa ba don kar kwallina ya lalace.

Da na sauka daga mota na miƙo hanyar gida, sai na ga sawun babbar taya ya tattake bakin gonar maƙwabta. Ban kawo komai a raina ba. Na yi sallama na shiga.

Na ɗauka gidan wasu na faɗa. Tsakar gidanmu fes, an shimfiɗa wani koren kafet mai kama da ciyawa daga ƙofar ɗakin Inna har gindin zogale. An jera tukwane masu ƙyalli ruwan gwal, cikinsu furannin roba ja da shuɗi da wani launi da Allah bai halicci fure da shi ba. Ga fararen kujeru huɗu da tebur. Inna na hakimce a kan ɗaya da sabon mayafinta, ta ɗage ƙafafu sama don rana ta gasa kafet ɗin ba ya takuwa. Matan maƙwabta uku suna tsaye a inuwa suna sa albarka. Akuyarmu ta kama wani jan fure tana tauna, ta tofar, ta sake kamawa don ba ta yarda ba.

Babu taya ko ɗaya. Babu baho, babu jarka, babu ragar gado. Inda tumatirina suke, sai zagayen danshi a ƙasa a gefen da kafet bai kai ba.

Inna ta ce in zo in ga abin arziki, wannan lambun ko ban-ruwa ba ya so, ba ya bushewa, ba ya kiran sauro. Na dubi furannin robar. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Inna, ana miya da shi?"

Ɗaya daga cikin matan ta kwashe da dariya ta mayar da ita tari.

Kaka Fanna na samu a ƙofar ɗakinta, zaune daram a kan turmin na'ana'a, ta danne ganyen gaba ɗaya. Ta ce tun hantsi take kai. Ta ce ƙarti shida ne suka zo da tifa, suka ce an turo su su kwashe duk wani datti na gidan. Da suka zo kan turminta ta hau ta zauna, ta ce sai dai su loda ta tare da shi. Na ce Kaka ina suka kai kayan? Ta ce ita ba ta bi su ba, abin da ta sani sahu biyu suka yi. Na farko tarkacena. Na biyu kuwa, sai ta nuna bayan ɗakuna da haɓa.

Na zagaya. Wurin da jujin Baba yake an kankare shi har ƙasa, an ma share.

Na dawo na raɗa wa Inna. Ashe lokacin da aka yi sahu na biyu ta fita kiran maƙwabta su zo kallo. Na ga fuskarta ta sauya. Inna 'yar manomi ce, matar manomi, ba sai an yi mata bayani ba. Ta sauke ƙafafunta a kan kafet mai zafi ba ta ma ji ba. Matan suka tuna sun bar tukwane a wuta.

A lokacin wayata ta yi ƙara. Kamaru ne, hoto ya turo. Tayoyina ne a jibge a filinsa na bakin titi, tsakanin tsofaffin injina da tulin ƙarafa. Jar tayar tana sama a kife, ana ganin farin rubutun ranar da ya kawo ta. Tumatir sun fashe a ƙasa. A ƙarƙashin hoton ga saƙo mafi tsawo da ya taɓa rubuta min:

"Sun iso, babu abin da ya ɓata, har butar. Da kin faɗa min da baki ma ya isa, ba sai an ɗauko tifa ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

'Yan birni, ku fahimta: a wurinmu in gidan yarinya suka tattara abin da saurayi ya taɓa kawowa suka aika masa, to magana ta ƙare. Ba a ƙara masa da kalma, kayan su ne kalmar. Yawanci a ƙullin zane ake kaiwa, ta hannun wata tsohuwa, a ɓoye, don a rufa masa asiri. Su kuwa ƙartin nan, da suka fito da lodin roba da ƙarfe, ina za su nufa in ba filin 'yan gwangwan mafi kusa ba? Suka juye masa a gaban masu shayi da masu faci da direbobin da ke jiran fasinja, aka tambaye su daga ina, suka ce daga gidan Malam Kallamu, an ce a kwashe. Duk bakin titin nan sun san tayoyin waye. Sun sha yi masa tsiya yana yankansu. Ba a taɓa maido wa namiji toshinsa a tifa ba sai a kan Kamaru.

Na kira, a kashe. Na sake kira. Sai na ga ashe akwai saƙo na biyu da ya turo kafin ya kashe:

"Na ba waɗanda ba su karye ba ruwa."

Nan na ɓata kwallin da na yi ta tattali.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi kafet, ya dubi furanni, ya dubi Inna da ta koma kan tabarma ta yi tsuru. Ya zagaye kafet ɗin ta gefe kamar mai gudun kwata, ya nufi bayan ɗakuna yadda ya saba. Ya daɗe a can har Kaka ta fara salati a hankali. Da ya fito, ƙasa ce zalla a tafin hannunsa.

Sai ga hon. Khalilu ya yi sallama ya shigo cikin shuɗin yadi, wayarsa a ɗage yana ɗaukar bidiyo, don ya kama farin cikinmu tun yana da zafi. Ya durƙusa ya gaida Baba yana murmushi. Baba ya amsa, ya tambayi iyayensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanya. Sannan cikin sanyin murya ya ce, tudun da ke bayan gida, ina aka kai shi?

Khalilu ya ce kar Baba ya damu, ba a zubar a hanya ba. Ya ce direban ya gaya masa suna fitowa wani bawan Allah ya tare su ya roƙa a juye masa a gonarsa, wai shi Basiru. Har ya ƙara da cewa mutumin kirki ne, ya yi ta godiya kamar zai yi kuka.

Basiru shi ne maƙwabcin Baba a gona. Shekara ashirin suna leƙen dawar juna ta kan iyaka, kowa na cewa tasa ta fi kai.

"Zai yi godiya," in ji Baba.

Khalilu ya fara gane akwai matsala, ya sauke wayar. Ya ce in taki ne ai abu mai sauƙi, gobe zai aiko da na zamani buhu-buhu, fari tas, ba wari. Baba ya dube shi da tausayi. Ya ce masa na buhu yana ta da shuka damina ɗaya ne ya tafi abinsa, wancan kuwa ƙasar yake ciyarwa, kuma ba a sayo shi, tara shi ake yi kwana ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ruwan shuka bai fi mako biyu ba. Sannan ya tambaye shi, a gidansu in za a taɓa kayan mutum ba a tambayarsa?

Khalilu ya share gumi. Ya juyo ya dube ni, kuma wallahi ba da mugunta ba, neman ceto yake.

"Baba, na tudun kuskure ne, a yafe min. Amma sauran, Khairat ce da bakinta ta ce tarkace ne, ta gaji da ganinsu. Ni daɗi na so in ba ta."

Kowa ya juyo kaina. Har akuyar.

Gaskiya ya faɗa. Da zan iya ɗora masa laifin duka da na fi kowa murna, amma shi abin da ya ji ya yi aiki da shi, har ya haɗa da kujeru. Ni ce na ji kunyar abin da nake so don wani ya toshe hanci. Ni ce na mayar da Kamaru mai wucewa. Tifar ta zo ne kawai ta kai masa saƙon da na riga na faɗa ranar Litinin.

Na durƙusa a gaban Baba, gwiwata a kan kafet ɗin da har yanzu bai huce ba. Na ce haka ne, ni na faɗa, kuma ƙarya na yi. Na ce ban gaji da su ba, kullum da su nake kwana da su nake tashi. Na juya na ba Khalilu haƙuri, na ce ya yi min alheri da iyakar saninsa, amma wadda ya yi wa lambun nan ba ni ba ce, wata ce da na ƙirƙira don ta dace da motarsa.

Inna ta yi saurin cewa Juma'a ai sai gobe, a bari zukata su huce, yarinya ba ta yanke magana da kuka a ido. Ta ce in tuna dai sanyin motar nan. Ta ce wa zai so a ce surukinsa da lasifika yake yawo.

Baba ya zubar da ƙasar hannunsa, ya kakkaɓe. Ya ce shi dai abin da ya lura, wata bakwai yaron nan Kamaru yana shigo da kaya gidan nan, bai taɓa matsar da ko tsinke ba sai ya tambaya. Ya ce kuma yana da mota mai buɗaɗɗen baya, da shebur, shi Baba kuwa akwai ziyarar da yake so a raka shi gonar Basiru.

Kaka Fanna ta miƙe daga kan turmi karo na farko tun hantsi, ganyen na'ana'a manne a zanenta. Ta ce kar mu yi saurin raba aiki, angonta an kunyata shi a bainar jama'a, kuma namijin da aka maido wa kaya ba ya sake tako ƙofar gidan ko da an kira shi. Ta ce ita a tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin an gyara irin wannan ba.

Na sake gwada lambarsa. A kashe. Na miƙe, na goge fuskata da gefen gyale, na ji muryata ta fito fiye da yadda na yi niyya.

"Baba, ba sai gobe ba. Kamaru nake so ya turo, in har zai yarda ya sake duban inda nake. Kaka, ɗauko mayafinki ki raka ni bakin titi. A gaban mutane aka kai masa kayan nan, a gabansu zan ce a lodo min abina."